Kai Ɗaya, Masu Shi Goma

Kan yarinya 'yar shekara biyar ƙwarya ɗaya ma ta isa ta rufe shi, amma masu iko da shi sun fi magadan fili a bakin titi yawa. Uwa na da ra'ayi a kansa. Kaka na da nata. Malamar makaranta ta aiko da nata tun ranar Juma'a. Gwaggo da ta leƙo gaisuwa kawai, ko mayafi ba ta ajiye ba, sai da ta cusa yatsu a ciki ta ce wannan dai ba gashin gidansu ba ne. Wadda ba a tambaya ita ce mai kan. Nata aikin ta zauna a tabarma, ta kifa fuska a cinyar wata, ta bar manya su yi shawara a ƙeyarta.

Shi kuwa gashin da ake wannan taro a kansa bai yi wa kowa laifi ba. Haka Allah ya yi shi: ramin da kowane sili yake tsirowa a lanƙwashe yake, don haka silin yake fitowa a nannaɗe. Maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya iya bin wannan kwana-kwana har ƙarshen sili, sai gashin ya riƙa bushewa, kowace lanƙwasa kuma ta zama wurin karyewa. Ga irin wannan sili wajen 100,000 a kai guda, kowanne yana neman maƙwabcinsa su sarƙe. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: ruwa, ɗan mai, mataji mai manyan haƙora, da hannun da ba ya sauri. Abin da yake samu kuma sai wadda aka kai shi wajenta.

Mu fara da shugabar makitsa, mai zafin hannu. Kowace unguwa na da tata, kuma ba ta taɓa rasa layi. Yara sun san ƙarar ƙyauren gidanta, wasu tun daga kan kwana suke fara salati. Zamanta ma na aiki ne: kujera 'yar tsugunno, gwiwoyi biyu sun datse kafaɗun yarinya, kibiya a soke a ɗaurin ɗankwali. Taƙamarta ita ce ba ta barin sili ko ɗaya a waje. Ɗan gashin goshi da jiya-jiya ya leƙo duniya, sai ta sa bakin kibiya ta tsinto shi ta haɗa da manya. Idan yarinya ta ce wash, amsar a shirye take: “Yo ni me na yi miki? Ko kamawa ban fara ba. Hajiya, wannan 'yar taki raki gare ta.” In ta ƙara motsi, bayan mataji ya sauka a tsakiyar kai, ƙwas, a ci gaba.

Ana gamawa za ka gane aikinta daga nesa. Girar yarinya ta ɗage, idanu sun ja gefe, ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jiki gaba ɗaya. Dariya ma a hankali take yi. Daren nan a kife za ta kwana, gobe ƙananan ƙuraje su jeru a bakin tsaga. Uwar fa? Murna take. “Kitsonta akwai ƙarko, sai ya yi wata bai tashi ba.” Gaskiya ne, yana yin wata. Gaban goshin ne ba ya kai labari. Likitocin fata sun daɗe da sanin wannan sanƙo da ja yake kawowa. Tun 1907 aka rubuta shi a kan matan Girinlan masu ɗaure gashi tamau, wato ba mu kaɗai ba ne. A binciken da likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka wallafa a 2007 daga Kef Taun ta Afirka ta Kudu, an same shi a kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta, a manyan mata kuwa ya kusa kashi 32. Da fari in aka sassauta, gashin yana dawowa. In aka shekara da shekaru ana ja har saiwar ta mutu, shi ke nan. Duk matar da ka ga ɗaurinta ya sauko har gira, kada ka yi saurin cewa yayi ne. Wataƙila tarihi take rufewa.

Ni har zargi nake wannan baiwar Allah tana da tsohon asali. Kawunan yumɓu na Nok da aka tono a kudancin Kaduna, waɗanda suka haura shekara 2,000, da gyaran gashinsu tsaf suke, idanu a buɗe, gira a ɗage. Masana sun ce salon masu ginin ne. To, su suka sani. Ni dai na san wannan kallon.

Bayanta sai gidan rediyon unguwa. Hannunta ba laifi, bakinta ne ba ya hutawa, kuma su biyun ba sa jituwa. Labari na tafiya a sanyi, kitso na tafiya. Da an zo wurin “ai kuwa sai ga uwargidan ta faɗo”, sai ta saki jelar da take kamawa ta tafa hannu, ta riƙe haɓa, a sake daga tushe. Ita da matan da ke jiran layi sun yi ittifaƙi cewa yarinyar da aka kifa wa kai ba ta ji, alhali kunnuwanta ne kaɗai suka rage mata a sake. Shi ya sa da daddare, ana tsakiyar cin tuwo, mai gida na zaune, za ka ji ƙaramar murya ta ce, “Baba, mene ne yaji? An ce Anti ta yi sau uku.”

Akwai mai aiki goma. Tana kitso, tana goyo, kasko na kan wuta, yara na sallama a zaure da kwanon sayen awara. “Zauna nan, kada ki motsa, bari in duba wuta.” Yarinya ta zauna da rabin kai a kitse, rabi a tsaye yana kallon sama, har inuwa ta bar wurin. In ta dawo, hannun da ya juya awara shi zai koma tsaga, don haka a gidan ba a sayen man kitso. Sai dai a koma gida kuliyoyi na bin mutum. Ƙanwarta ta zamani ba ta da kasko, waya gare ta. Ta jingina ta a ƙeyar yarinya tana kallon fim ɗin Indiya mai fassara, duk inda jarumi ya karkata can tsagar take bi.

Sai mai “ai na iya”. Uwa ta nuna mata hoto a waya, wani kitso mai hawa uku da aka yi wa wata yarinya a Legas. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce, “Wannan? Ai shi na yi wa 'yar maƙwabta jiya.” Bayan awa uku a ɗago kai, sai ga shuku. A nuna mata kalaba, shuku. A ce zane, shuku mai ɗan karkata. In an yi magana ta ce gashin ne bai kai ba, ko kan yarinyar ne ba irin na hoton ba. J.D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoton nan da ya rasu a 2014, ya fara bin kawunan matan Najeriya da kyamara a 1968, ya tara hotunan gyaran gashi kusan 1,000. Da a gidan wannan ya sauka, da hoto ɗaya ya ishe shi ya koma gida. Af, da yawa daga cikin hotunan nasa ta baya ya ɗauke su, ba a ganin fuska balle a san wa ta sha kuka.

Mai sanyin hannu ma akwai ta, kada a ce na yi son kai. Ita ce take yayyafa ruwa kafin ta sa mataji, ta raba kai gida huɗu, ta fara sharcewa daga bakin gashi tana hawa zuwa tushe, ɗaya hannun na riƙe da gindin don kada jan ya kai fata. Yara barci suke yi a cinyarta har da miyau. Mata na cewa hannunta na da albarka, duk kan da ta riƙe sai ya yi tsawo. Albarka kam akwai, amma gashi wajen santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, a hannunta ko a hannun wata. Ita dai ba ta karya abin da ya tsiro. Aibinta biyu. Kitsonta kwana goma ya fara tashi, iyaye su ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Sannan da an saba da ita sai a yi mata aure a kai ta unguwa mai nisa, yaran layi su koma hannun ta farko suna kuka biyu.

Iyaye mata kuwa, a nan kasuwa ta cika.

Ga uwa mai hoto. Ita da ta haihu shafi ta buɗe. Yarinya ba ta cika shekara uku ba an ƙara mata gashin doki har kugu, an jera duwatsu kala shida a kowace jela, ribom ya dace da takalmi, takalmi ya dace da jakar uwar. In ta juya kai sai ka ji kacau-kacau, ba a wahalar nemanta a gidan biki. Nauyin nan duk a kan saiwar da ba ta gama ƙwari ba yake. Malamai sun yi wa'azi a kan ƙarin gashi har sun gaji, likitoci sun yi nasu, amma wata a Instagram ta rubuta “Masha Allah, 'yar gayu”, to magana ta ƙare. Hoton minti ɗaya ne. Kwanciya a kan duwatsun mako uku ce, kuma ba uwar ke yi ba.

Maƙwabciyarta ta gaji da kokawa ta yanke hukunci: a sa rilaksa a huta. Ta sayo mai hoton yara suna murmushi a kwali, wai shi ba ya zafi. Abin da yake miƙar da gashi a rilaksa na asali soda ce, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita. A na yaran an musanya ta da ɗan'uwanta, amma aikin ɗaya ne: a karya abin da ke riƙe da nannaɗin sili don ya kwanta, kuma abin da ya karye ba ya komawa. Ana shafawa ana tambaya, “Ya fara zafi?” Yarinya ta ce e. “Ɗan daure, bai ci ba tukuna.” Mako biyu gashi na sheƙi yana lilo, kowa na yabawa. Wata biyu sabo ya tsiro daga ƙasa da taurinsa, a mahaɗar tsoho da sabo ya riƙa gutsurewa. Sai a fara lissafin wa ya yaba gashin ranar suna bai ce tubarkalla ba.

Wadda na fi so a cikinsu ita ce uwa mai haɗi. Tana cikin guruf uku na gyaran gashi a WhatsApp, kowanne da malamarsa. Ranar Asabar ba a girki a kicin ɗinta. Ta jiƙa hulba tun daren jiya, ta markaɗa albasa ta tace, ga kanumfari, ga ƙwai, ga man kaɗanya, man kwakwa, man habbatus sauda, da ruwan shinkafar da ya kwana uku yana tsami. A shafe kan yarinya, a ɗaure da leda, a zaunar da ita a rana. Mai gida ya shigo ya shaƙi iska ya ce, “Yau me muka samu ne?” A ce masa ba naka ba ne. Ta yi odar garin cebe daga Njamena da man karkar, don ta ga bidiyon matan Chadi da gashi har kugu. Abin da ba ta tsaya ta lura ba shi ne su matan can a jikin gashin suke shafa ceben, su kitse shi, su ƙyale shi ya huta. Ita kuwa ƙyalewar ce ba ta iya ba. Kowane mako da sabon haɗi, kowane haɗi da sabuwar tsifa.

Kwanan baya ta gano wani ganye wai shi ambunu, a 'yar leda mai rubutun Turanci, da tsadarsa, an ce yana warware gashi ba ja ba kuka. Ta jiƙa shi a ruwan zafi, ya yi yauƙi, tana ta santi. Surukarta ta leƙo, ta shinshina, ta murza a yatsa. “Yau na ga ikon Allah. Ke, karkashi ne fa. Nawa kika ce kin saya?” Karkashin ne kuwa, na miya, wanda kakanninmu suka wanke kai da shi tun ba a san shamfu ba. Har yau ba ta faɗi kuɗin ba.

A ɗaya gefen akwai uwa mai “ai da saura”. Kitson ƙaramar Sallah shi zai gaisa da babba, kusan kwana 70 ba a taɓa shi ba. Hijabi ya rufa asiri: a fita da na boko, a dawo a sa na Islamiyya, a yi wanka ruwa ya shiga a mayar da hula a kan danshi. Ranar tsifa sai an nemi gudummawar maƙwabta. Ana samun yashi, ana samun ɓawon gyaɗa, wani lokaci har murfin biro. Dunƙulen gashi ya cika mataji, uwa ta riƙe shi tana salati, wai an yi wa 'yarta baki. Lissafi ne kawai: kowane kai yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, a cikin kitso kuma ba su da hanyar faɗuwa, suna nan suna jira. A ninka da 70.

A irin wannan kan baƙi suke daɗewa ba a sani ba. Kwarkwata ba ta tashi sama, ba ta tsalle, tafiya take daga kai zuwa kai, kuma ba ruwanta da gidan mai kuɗi ko na talaka. Amma ba a taɓa samun uwar da ta yarda daga kan 'yarta aka fara ba; kullum “a makaranta ta kwaso”. Makitsiya mai wayo ta gani ta yi gum, ta yi kitsonta da kwarkwatar a ciki don kada ta rasa kwastoma. In abin ya fito fili sai a rufe ƙofa a yi magani a ɓoye, kuma a nan wasa yake ƙarewa: kananzir, ko fiya-fiya, a zuba a fatar kan yarinya a ɗaure da ɗankwali. Guba ce, tana ratsa fata, ta kashe mutane. Maganin kwarkwata na nan a kemis, da mataji mai ƙananan haƙora, a maimaita bayan mako guda saboda ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba. Kunyar tambaya ce kaɗai tsadarsa.

Ba zan manta da mai kunyar 'yar fari ba, wadda ko sunan yarinyar ba ta kamawa. Tana jin kukan daga ɗaki hanjinta na kaɗawa, amma abin da zai fito daga bakinta shi ne, “Ku ƙara matse ta, ita wannan ba ta jin magana.”

Kaka daban ce, don ita jam'iyyar adawa ce ko wace gwamnati ke ci. In uwa ta ce a yi kitso, ta ce an cika takura wa yarinya. In an bar kan, ta ce an mayar mata da jika mahaukaciya. Tana shigowa za ta ce, “Ina kishiyar tawa? Zo in ga abin da kike taƙama da shi za ki ƙwace mini miji. Wannan ɗan tsiron?” Sannan ta zaunar da ita ta buɗe gwangwanin man shanu. Ita ce mai gadin gashin da ya zube: a dunƙule shi a tura a tsagar bango ko a jefa a masai, kada tsuntsu ya yi sheƙa da shi yarinya ta yi ta ciwon kai, kada kuma maƙiyi ya tsinta. Ita ce mai fatawar a yi ta aske yarinya, wai zai fito da cika. Askin ranar suna sunna ce, amma aska ba ta ƙara ramin gashi ko ɗaya; da adadinsu aka haifi yarinya. Faɗa wa kaka haka, ta tambaye ka 'ya'ya nawa ka raina. In ta so ba da tsoro sai ta ɗauko zancen doka, yadda a zamaninsu ake sa tsumma a tsakiyar kai a kitse gashi a kansa ya tashi tsaye, a wuni ana yi ba mai cewa uffan. Ba wanda zai binciki wannan uffan ɗin, shaidun duk sun riga mu gidan gaskiya.

Gwaggo da inna su masana asali ne. In gashin mai laushi ne mai tsawo, gwaggo ta ce na kakarsu ne Bafulatana, inna ta ce kowa ya san daga ɗakinsu ya fito. In mai tauri ne mai cika, mai karya mataji, sai ya zama maraya, kowane ɓangare ya ce bai san shi ba. A nan dariyata take ragewa. Yarinya na zaune ana cewa nata “gashin wahala” ne, ana nuna mata 'yar maƙwabta mai “gashi mai kyau”. Ta girma ta buɗe littattafan soyayya ta tarar jarumar gashinta har gadon baya, baƙi wuluk mai santsi. Da wuya ta ga wadda aka so da irin nata. Alhali mai cikar nan shi ne yake riƙe kowane irin kitso, a kansa makitsa suke nuna gwaninta. Ana zaginsa da baki, ana cin moriyarsa da hannu.

To su masu kan fa? Su ma ba a rasa su da hali. Akwai mai kukan kafin alƙalami, wadda take farawa tun da ta ga an ɗauko mataji, don in zafin ya zo ya tarar an riga an biya. Akwai 'yar gudun hijira: da ta ji an ce yau Lahadi sai a neme ta a rasa, a same ta bayan randa, ko a maƙwabta tana taya wanke-wanken da a gida ba ta taɓa yi ba. Akwai 'yar kasuwa, ba ta zama sai an yi ciniki, jela biyar alawa ɗaya. Wannan duk inda ta tsinci kanta nan gaba ba za ta yi asara ba. Akwai mai jin fitsari duk bayan tsaga biyu. Sai 'yar gayu, ita ce abin tsoro: shekara huɗu, hawaye na zuba, amma in aka ce a bari haka sai ta ce a'a, a ƙarasa, kuma a kawo madubi.

Wadda na fi girmamawa ita ce mai shiru. Ba ta kuka, ba ta motsi, makitsiya na kafa misali da ita. A biya kuɗi a dawo gida. Da asuba uwa ta ɗaga gidan sauro ta tarar da rabin kan a tsefe tas, yarinya na sharar barcinta. Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta dai jira majalisa ta tashi, ta soke dokar.

Uba yawanci baƙo ne a harkar, sau biyu ake jin muryarsa. Na farko: “Nawa? Kan nan dai da na sani?” Na biyu, in yarinya ta tsaya a gabansa tana juya kai don ya gani, ya ɗago daga waya ya ce, “Lafiya? Wuyanki ke ciwo?” Akwai uba mai tausayi, ya fi kowa ɓarna: ya ji kuka ya fito, “Haba, ku ƙyale mini uwata haka mana,” ya saɓe ta ya tafi sayen alawa, kai rabi da rabi, gobe Litinin. Amma a ga uba ranar da matarsa ta tafi biki wani gari ta bar masa 'yan mata biyu. Rana ta farko hula. Ta biyu hula. Ta uku ya sa mataji a busasshen kai ya fara daga tushe, ihun ya kai masallaci. Ta huɗu za ka gan shi a ƙofar mai zafin hannu, ya rage murya, yana cewa ko nawa ne.

Sama da su duka akwai malama, wadda ba ta kitso, ba ta biya, amma ita ke yanke hukunci. Ranar Juma'a a asambuli a sanar da kitson mako mai zuwa, ranar Litinin ta bi layi tana ɗaga hijabi ɗaya bayan ɗaya. Ina ganin hikimar abin: kowane kai ana buɗe shi ko da sau ɗaya a mako, 'yar mai kuɗi da 'yar mai awara kuma su zo iri ɗaya. Sai dai bulalar, in ta tashi sauka, a jikin yarinya take sauka, ita da ba ta riƙe da kuɗin kitso, ba ta kuma iya yi wa kanta ba.

Wanda yake so ya ga waɗannan mutane a tabarma ɗaya, ya leƙa gidan makitsiya ranar jajiberen Sallah. Tun bayan asuba takalma sun kama layi a madadin masu su. Mai hoto ta zo da ledar duwatsu, mai haɗi ta zo da kwalbarta ta ce kada a sa wa 'yarta man kowa, mai “ai da saura” ta zo da kai ba a tsefe ba tana roƙon a taimaka saboda Allah. Hannuwan yara a ɗaure cikin leda saboda lalle, ba halin share hawaye balle sosa ƙeya. Gidan rediyo na watsa shiri na musamman. Wuta ta ɗauke, a kunna fitilar waya a ba wata yaya ta riƙe, tana gyangyaɗi hasken na yawo. Kuɗin kitso ya ninka, mai sanyin hannu kanta yau da ɗan ɗumi. Ƙarfe ɗaya na dare a goyo ta ƙarshe zuwa gida, wuya a sanƙare.

Da safe a yi wanka, a sa sabon kaya, a kawo ɗankwali a ɗaure kan tamau, a ɗora hijabi, a tafi idi. Daga can sai gidan kaka. Ita kaɗai ce za ta zame ɗankwalin ta duba aikin da aka kwana ana yi. Ta juya kan hagu, ta juya shi dama, ta taɓe baki.

“Wa ya yi miki wannan, kishiya? Tsagar ma a karkace take. Gobe ki zo in tsefe miki.”